Makarantu masu zaman kansu a Nijar: ina kuɗin karatu ke tafiya, kuma wa ke riƙe da lissafi?

A watan Yulin 2025 majalisar ministocin Nijar ta amince da matakin rage kaso 20 cikin 100 na kuɗin karatu a makarantu masu zaman kansu. Uwayen yara sun yi marhabin da matakin, domin kowace shekara watannin Satumba da Oktoba kan zo masu da nauyin rajista, littattafai da tufafin makaranta a lokaci guda. Masu makarantu da dama kuwa sun nuna damuwa, suna ganin abin da zai rage ba zai ishe su biyan malamai da haya ba. Kowane ɓangare da hujjarsa, amma tambaya guda ce za ta raba gardama: nawa makaranta ke kashewa a kan yaro ɗaya a shekara? Amsar tana cikin littattafan lissafin makarantar, in har ana riƙe su yadda ya kamata.

Maganar ta wuce ribar mai makaranta. Idan lissafi ya rikice, malami ne ke fara gani a albashinsa, daga nan ɗalibi ya gani a cikin aji. Galibi abin yakan fito fili ne a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da kuɗi ya ƙare a akwati, malamai suka fara ja da baya, ga kuma jarrabawar BEPC da BAC ta ƙarato. Shi ya sa ya kamata uwaye, malamai da su kansu masu makarantu su san yadda kuɗin makaranta ke gudana da kuma takardun da ke tsare shi.

Makaranta ce, kuma ma'aikata ce

Dokar da ta shata alƙiblar ilimi a Nijar, wadda aka fi sani da LOSEN, mai lamba 98-12 ta ranar 1 ga Yunin 1998, ta amince da makarantu masu zaman kansu a ƙarƙashin kulawar gwamnati. Mai son kafa makaranta yana buƙatar izini daga hukumomin ilimi, na kafawa da na buɗewa, kuma masu bincike na ma'aikatar ilimi suna da hurumin shiga su duba yadda ake karantarwa. Wannan ita ce fuskar da uwaye suka fi sani.

Akwai fuska ta biyu. Duk makarantar da ke karɓar kuɗi tana biyan albashi ma'aikata ce a idon doka, kuma siffarta ce ke nuna irin lissafin da ya hau kanta. Wata ta mutum ɗaya ce, wanda ake kira fondateur, ya yi mata rajista da sunansa. Wata ta kamfani ce, irin SARL, inda mutum ɗaya ko wasu mutane suka zuba jari. Wata kuma ta ƙungiya ce, ta addini ko ta agaji, wadda ba neman riba ya sa aka kafa ta ba. A kowane hali makarantar na buƙatar lambar NIF daga hukumar haraji ta DGI, da lambar mai ɗaukar ma'aikata daga asusun CNSS.

Dokokin lissafin kuwa ba na Nijar kaɗai ba ne. Sun fito ne daga ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis a shekarar 1993, mai ƙasashe 17, ciki har da Nijar, Benin, Burkina Faso, Mali, Togo, Chadi da Kamaru. Najeriya da Ghana ba sa ciki. Ke nan mai makaranta a Maraɗi da takwaransa na Garwa ko Njamena tsarin lissafi ɗaya suke bi. Masu neman riba suna bin tsarin SYSCOHADA da aka yi wa kwaskwarima a 2017, ya fara aiki a farkon 2018. Ƙungiyoyin da ba na riba ba kuwa suna da nasu tsarin, SYCEBNL, wanda aka amince da shi a Yamai a watan Disamban 2022, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024.

Littattafan da doka ta tanada

Tsarin SYSCOHADA ya wajabta littattafai huɗu. Na farko shi ne livre-journal, inda ake rubuta duk abin da ya shiga ko ya fita, rana bayan rana. Na biyu grand-livre, wanda ke tattara waɗannan bayanai gida-gida: albashi a gidansa, haya a gidanta, kuɗin karatu a nasa gidan. Na uku balance, wadda ke nuna ko jimillar ɓangarorin biyu ta yi daidai. Na huɗu livre d'inventaire, inda ake ƙidaya abin da makaranta ta mallaka da bashin da ke kanta a ƙarshen shekara.

Dokar ta ce ba a barin fili a cikin littafi, ba a kuma goge abin da aka rubuta. Idan an yi kuskure, sai a sake wani rubutu da ke soke na farko, yadda mai bincike zai ga duka biyun. Kowane rubutu dole ya dogara da takardar shaida mai kwanan wata. Ana adana littattafan da takardun har shekara 10, kuma ana kammala rahoton ƙarshen shekara cikin wata huɗu bayan rufe lissafi.

Ba a ɗora wa ƙaramar makaranta nauyin babban kamfani ba. Ma'aikatar da ke sayar da hidima, wadda cinikinta na shekara bai kai miliyan 30 na sefa ba, tana iya bin sassauƙan tsari da ake kira système minimal de trésorerie, wanda ya dogara da rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Makarantar unguwa mai aji shida tana iya riƙe shi da littafi da alƙalami. Wadda ta girma kuwa tana buƙatar ƙwararren mai lissafi, ko ta ɗauke shi aiki, ko ta yi yarjejeniya da ofishin da ke cikin ƙungiyar ƙwararru ta ONECCA.

Komai daga resi yake farawa

Kafin waɗannan manyan littattafai akwai ƙaramar takarda guda, wato resi, shaidar biyan kuɗi. Resi na ƙwarai yana ɗauke da lamba da aka buga tun daga maɗaba'a, sunan makaranta, sunan ɗalibi da ajinsa, abin da aka biya, abin da ya saura, kwanan wata, sa hannu da hatimi. Ɗaya na tafiya da uba, ɗaya na zama a jikin littafin. Amfanin lambar shi ne, idan an tashi daga 214 aka faɗa 216, dole wani ya faɗi inda 215 ta shiga. Resin da aka ɓata ba a yage shi, ana rubuta masa cewa an soke, a bar shi a wurinsa.

Daga resi ake cika abubuwa biyu. Akwai littafin kes, wato na akwatin kuɗi, wanda ake rufewa kowace yamma: a ƙidaya abin da ke akwati, a gwada shi da abin da littafi ya ce. Akwai kuma katin kowane ɗalibi, mai nuna abin da ake binsa a shekara da abin da ya biya. Wannan katin ne ke hana rigimar da aka saba gani a bakin ofis, inda uba ke rantsuwa ya biya, mai karɓar kuɗi na cewa bai gani ba.

Zuwan biyan kuɗi ta wayar salula, irin su Airtel Money, Moov Money da Zamani Cash, da kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana, ya sauƙaƙa wa uwaye, musamman waɗanda ke ci-rani a Kwatano, Abidjan ko Aljeriya. Amma ya zo da tasa matsalar. Idan kuɗin ya faɗa a lambar darakta ko ta matar mai makaranta, ya haɗu da na cefane, ba wanda zai iya rabe su bayan wata uku. Ya kamata lambar ta zama da sunan makaranta, kowane saƙo ya samu resinsa, kuma a ƙarshen wata a gwada bayanin kamfanin waya da na banki da abin da ke cikin littafi.

Kuɗin wata tara, hidimar wata goma sha biyu

Babban tarkon makaranta mai zaman kanta shi ne yadda kuɗi ke shigowa. Shekarar karatu a Nijar takan fara a Oktoba ta ƙare a Yuni. Yawancin makarantu suna karɓar kuɗin karatu kashi biyu ko uku, kuma mafi tsoka shi ne na farko, wanda ke zuwa tare da rajista. A makonnin farko akwati kan cika, har mai makaranta ya ga kamar ya yi arziki. A lokacin ne ake sayen fili, a fara sabon gini, a sauya mota ko a yi hidimar biki. Amma haya, wutar NIGELEC, ruwa da albashin mai gadi ba sa zuwa hutu. Malamin dindindin ma yana da iyali a watannin Yuli, Agusta da Satumba, waɗanda suka zo daidai da damina da tsadar hatsi.

A lissafi, kuɗin da uba ya biya a Oktoba bai zama na makaranta duka ba tukuna, domin ba ta yi aikin da aka biya ta ba. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tsarin OHADA ya ƙara fito da wannan fili, tunda shekarar lissafi tana farawa ranar 1 ga Janairu ta ƙare ranar 31 ga Disamba, ta raba shekarar karatu gida biyu. Idan uba ya biya jika 90 na wata tara tun a Oktoba, jika 30 ne kawai kuɗin shigar wannan shekara. Sauran jika 60 na watannin Janairu zuwa Yuni ne, kuma ana rubuta su a matsayin kuɗin da aka karɓa kafin a yi aikinsu. Makarantar da ba ta yi wannan rabon ba za ta ga riba a Disamba wadda babu ita.

Maganin wannan shi ne jadawalin kuɗi na wata-wata, wanda ake tsarawa tun kafin a koma makaranta. Layi goma sha biyu ne, kowane wata da abin da ake sa ran zai shiga da abin da dole ya fita. Da kallo ɗaya za a ga watan da akwati zai bushe, a san abin da za a ajiye a banki tun Oktoba domin albashin Mayu da na babban hutu.

Misali da alƙaluma

A ɗauki makarantar da aka ƙirƙira domin misali kawai. Tana da ɗalibai 300, kowane na biyan jika 100 a shekara. A takarda, miliyan 30 ke nan, kuma wannan shi ne lissafin da mutanen unguwa ke yi idan suka ga yara na fitowa da rana. Sai dai 20 daga cikinsu ba sa biya: 'ya'yan malamai, marayu da dangin mai makaranta. Saura miliyan 28. Idan kaso 10 cikin 100 na wannan ya maƙale a hannun uwaye har ƙarshen shekara, abin da ya shiga akwati miliyan 25.2 ne.

A ɓangaren fita, a ce ma'aikata 14 ne, matsakaicin albashinsu jika 80 a wata. A wata goma sha biyu ya kama miliyan 13.44. Kason da makaranta ke zubawa a CNSS a kan wannan albashi ya kai kimanin miliyan 2.2. Haya jika 300 a wata, wato miliyan 3.6. Wuta, ruwa, alli, takarda, buga jarrabawa da ƙananan gyare-gyare, a ce miliyan 2.5. Jimilla miliyan 21.74, wato kowane ɗalibi yana cin jika 72 da ɗoriya a shekara. Abin da ya rage wa makarantar miliyan 3.46 ne.

Ko wannan ma ba riba ce tsantsa ba, domin kayan makaranta suna tsufa. Teburin da aka saya jika 25, idan zai yi shekara biyar, kowace shekara yana cinye jika 5 ko da ba a fitar da ko dala ba. Wannan shi ne amortissement. Haka allo, kwamfuta, fanka, injin wuta da motar ɗaukar yara. Makarantar da ba ta lissafa wannan ba takan wayi gari bencina sun karye lokaci guda, sai ta ƙirƙiro wa uwaye wani sabon kuɗi a tsakiyar shekara.

Yanzu a rage kaso 20 cikin 100. Kuɗin karatu ya koma jika 80. Idan komai ya tsaya yadda yake, abin da zai shiga miliyan 20.16 ne, a gaban hidimar miliyan 21.74, wato giɓin fiye da miliyan ɗaya da rabi. Amma idan makarantar ta rage bashin da ke maƙalewa daga kaso 10 zuwa kaso 3, abin da zai shiga zai kai kimanin miliyan 21.7, kusan daidai da hidimar. Makarantar da ke cikin ginin kanta, ba ta biyan haya, za ta sha da sauƙi. Wadda ke karɓar jika 400 a kan hidimar da ba ta fi wannan da yawa ba, ragin ba zai girgiza ta ba. Ke nan kaso 20 ɗin ba nauyi ɗaya yake da shi a kan kowa ba, kuma littafi ne kaɗai zai nuna wanda ya ji jiki da gaske. Mai makarantar da ya je gaban hukuma da kuka ba tare da alƙaluma ba, da wuya a bambanta shi da wanda ribarsa ce kawai ta ragu.

Albashi da haƙƙin malami

A kusan kowace makaranta albashi ne ke cinye kaso mafi girma, kuma a nan aka fi samun rauni. Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumban 2012, ta shafi malamin makaranta mai zaman kanta kamar yadda ta shafi kowane ma'aikaci. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar ya koma jika 42 tun daga Janairun 2024. Ma'aikaci yana da haƙƙin samun takardar albashi mai nuna abin da aka biya shi da abin da aka cire.

Abin da ake cirewa iri biyu ne: harajin albashi na ITS, wanda ake miƙa wa DGI, da kason ma'aikaci na CNSS, kaso 5.25 cikin 100. Makaranta kuma tana ƙara nata kaso 16.40 cikin 100, wanda ya ƙunshi fansho, tallafin iyali da haɗarin aiki. Kuɗin da aka cire daga albashin malami ba na makaranta ba ne, ajiya ce a hannunta. Idan aka cire ba a zuba ba, malamin ba zai gane ba sai ranar da ya je neman tallafin iyali, ko bayan shekaru ya je neman fansho, a ce masa babu sunansa. Ita ma makarantar bashi ne take tarawa tare da tarar jinkiri.

A kwaleji da lise akwai kuma malaman da ake biya gwargwadon awa, waɗanda ake kira vacataires. Lissafinsu ya dogara da takardun da ba na kuɗi ba: jadawalin darussa, littafin cahier de textes da malami ke cikawa bayan kowane darasi, da takardar halarta da mai kula da ladabi ke riƙewa. Idan waɗannan sun yi daidai, ba a biyan awar da ba a yi ba, ba a kuma danne wa malami awar da ya yi. Idan babu su, ƙarshen kowane wata sai an yi cacar baki.

Aljihun mai makaranta da akwatin makaranta

Makarantu da yawa sun samo asali ne daga mutum ɗaya, sau da yawa tsohon malami da ya zuba abin da ya tara. A ganinsa makarantar tasa ce, don haka kuɗinta nasa ne. Yau ya aiko yaro a ba shi jika 50 na suna, gobe a biya kuɗin man mota, jibi ya sa nasa kuɗin a saya alli. Ba sata ya yi ba, amma bayan shekara ba wanda zai iya cewa makarantar ta ci riba ko ta faɗi, har shi kansa.

Hanyar da ta fi ita ce mai makaranta ya yanka wa kansa abin da zai riƙa ɗauka kowane wata, a rubuta shi. Duk abin da ya ɗauka bayan wannan a rubuta a asusunsa, duk abin da ya zuba daga aljihunsa shi ma a rubuta. Amfanin hakan yakan bayyana a wurare biyu. Banki ko asusun ba da rance ba zai ba makaranta bashin gini ba sai ya ga lissafin shekaru. Sannan ranar da mai makaranta ya rasu, magada za su tarar da takardun da ke nuna abin da yake na makaranta, abin da ake binta da abin da take bi. Inda babu su, rabon gado kan zama sanadin rufe makaranta, ɗaruruwan yara su watse a tsakiyar karatu.

Haka kuma bai kamata mutum ɗaya ya riƙe komai ba. Wanda ke karɓar kuɗi daban, wanda ke ba da izinin kashewa daban, wanda ke rubutawa da dubawa daban. Darakta ko proviseur aikinsa kula da karatu ne, économe ko mai kes aikinsa kuɗi ne. A ƙaramar makarantar da ba ta da halin ɗaukar mutum uku, ya isa a ce duk fitar kuɗi sai da sa hannu biyu, kuma wani ya riƙa ƙidaya akwati ba tare da sanarwa ba. Wannan tsari yana kare mai kes ɗin kansa, domin ranar da kuɗi ya ɓace shi ake fara kallo.

Kuɗin amana

Akwai kuɗaɗen da ke bi ta hannun makaranta amma ba nata ba ne. Mafi haɗari shi ne kuɗin rajistar jarrabawar ƙasa. Ana karɓar sa daga uwaye ne domin a miƙa wa hukuma tare da takardun ɗalibi kafin wa'adi ya cika. Idan aka ara shi aka toshe ramin albashi da niyyar mayarwa, wa'adi ya wuce, ɗalibi ne zai rasa shekara guda. Ya kamata wannan kuɗi ya samu littafin resinsa daban, a kuma nuna wa uwaye shaidar cewa an miƙa shi.

Kuɗin ƙungiyar uwayen yara, wato APE, shi ma na ƙungiyar ne, da nata ma'ajin da nata rahoton a gaban babban taro. Kuɗin abinci, na mota da na tufafi kuwa gara kowane ya samu gidansa a littafi. Ta haka ne za a gane ko motar ɗaukar yara tana biyan kanta, ko kuwa kuɗin karatun yaran da ke zuwa a ƙasa ne ke saya mata mai.

Bashin uwaye da korar yara

Kusan kowace makaranta tana da jerin waɗanda ake bi bashi, kuma hanyar da aka saba ita ce a shiga aji a kira sunaye a ce su koma gida. Yaron da bai ci bashin kowa ba shi ke ɗaukar kunyar a gaban abokansa, ya kuma rasa darasi. Sau da yawa hakan na faruwa ne saboda makarantar ba ta lura da bashin ba sai da albashi ya gagara.

Inda katin kowane ɗalibi yake cike, ana ganin jinkiri tun makon farko, a kira uba a zauna. Ma'aikacin gwamnati ya fi jin sauƙin biya wata-wata. Manomi yana samun kuɗi ne bayan kaka, ɗan kasuwa kuma yana da lokutan da ciniki ke buɗewa. Yarjejeniya a rubuce, wadda ta dace da lokacin samun kowane uba, takan dawo da kuɗi fiye da kora. Haka ragin da ake yi wa marayu ko mai 'ya'ya da yawa ya kamata ya zama da ƙa'ida a rubuce da adadi sananne tun farkon shekara, domin alherin da ba a lissafa ba daga albashin malami yake fita.

Takardun da ba na kuɗi ba

Gudanar da makaranta bai tsaya ga kuɗi ba. Babban littafin rajista, registre matricule, shi ne tarihin duk yaron da ya taɓa shiga makarantar. Ga fayil ɗin kowane ɗalibi mai takardar haihuwa da sakamakon shekarun baya, ga littafin kiran suna, ga kwafin sakamakon zango. Kuskuren harafi ɗaya a suna ko a ranar haihuwa kan bi ɗalibi har kan takardar shaidarsa ta BEPC, kuma gyara shi daga baya wahala ce.

Waɗannan takardu suna haɗuwa da lissafin kuɗi a wuri ɗaya: adadin yara. Yawan sunayen da ke littafin kiran suna dole ya yi daidai da yawan katunan biya da kuma adadin da aka sanar wa hukumar ilimi. Idan aji na da yara 52 amma ofis na da kati 47, akwai yara biyar da kuɗinsu ke tafiya wani wuri. Manhajar kwamfuta tana sauƙaƙa wannan gwaji, amma ba ta gyara abin da ba a shigar ba, kuma a ƙasar da wuta ke ɗaukewa, ƙura da zafi ke kashe na'ura, dole a riƙa ajiye kwafi a wani wuri, a kuma buga muhimman shafuka a takarda.

Abin da uwaye da malamai za su iya nema

Uba ba shi da hurumin buɗe littattafan makaranta mai zaman kanta yadda ya ga dama, amma yana da abubuwan da zai iya nema tun ranar rajista: ya ga lambar izinin buɗe makarantar, a ba shi jerin duk kuɗaɗen shekara a rubuce tare da ranakun biya, ya karɓi resi mai lamba a kan kowace dala, ya kuma adana su har ƙarshen shekara. Bayan matakin 2025, resin bara shi ne hujjar uba idan yana son ya tabbatar an yi masa ragin, kuma ba a dawo da shi ta wata ƙofa da sunan kuɗin gyara ko na takardu ba.

Malami kuma ya nemi yarjejeniyar aiki a rubuce mai fayyace ko za a biya shi a babban hutu, ya karɓi takardar albashi kowane wata, ya san lambarsa ta CNSS, ya kuma je da kansa lokaci zuwa lokaci ya duba ko ana zuba masa.

Ga mai makaranta, lokacin da ya fi dacewa da gyara shi ne watan Agusta, kafin a fara rajista: a buga littattafan resi masu lamba, a buɗe asusun banki da lambar waya da sunan makaranta, a tsara jadawalin wata goma sha biyu, a fitar da abin da kowane ɗalibi ke ci a shekara. Da wannan adadi a hannu ne zai iya zama da ƙungiyar uwaye ko wakilan gwamnati a tattauna farashi, ya kuma san tun Oktoba ko malamansa za su karɓi albashin watan Mayu.